Zoben da ke ƙafar shaho

A ƙarshen shekarar 1892 aka harbo wani nau'in gauraka kusa da Dongola, da ɗan kwanson ƙarfe rataye a wuyansa. Aka kai wa Halifa Abdullahi a Omdurman, ya sa Slatin, Baturen da ke tsare a hannunsa, ya karanta takardar da ke ciki. Ashe daga kudancin Rasha aka sako tsuntsun, mai shi yana roƙon a sanar da shi inda ya faɗa.

A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba. A Cape May ta Amurka kuwa, tun 1967, duk kaka akan ɗana raga da tantabara. Shaho mai ƙaura ya kawo sura ya faɗa, a auna shi, a sa masa zobe, a sake shi.

Da irin waɗannan zobba aka gano hanyoyin tsuntsayen da ke sauka a gonakinmu. Don haka idan maharbinmu ya ga zobe, kada mu ɗauka sammu ne ko leƙen asiri. Amana ce: mu rubuta lambar da ranar da wurin, mu miƙa wa jami'an gandun daji.