Gandun Patuxent: Shekara 90 Tsakanin Bariki da Ɗakin Bincike

Ranar 16 ga Disamba, 2026, gandun dajin Patuxent da ke jihar Maryland ta Amurka ke cika shekara 90. A irin wannan rana ta 1936 Shugaba Franklin Roosevelt ya rattaba hannu kan umarnin keɓe eka 2,670 a bakin kogin Patuxent, tsakanin Washinton da Baltimore. Galibi tsofaffin gonaki ne da noma ya cinye ƙarfinsu. Amma masu hangen nesa irin su Ira Gabrielson, shugaban hukumar nazarin halittu ta wancan zamani, sun nace cewa ba a kare namun daji da ka, sai an samu filin gwaji da awo. Sakataren aikin gona Henry Wallace ya buɗe wurin a 1939, kuma har yau shi kaɗai ne gandun tarayya da aka kafa musamman domin bincike.

Tauraron Patuxent ya haska ne lokacin rigimar maganin ƙwari na DDT, wanda aka runguma hannu bibbiyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsuntsaye na ƙarewa, masu sayar da magani na cewa a kawo hujja. A kejin Patuxent aka riƙa gauraya wa agwagi ɗan sinadarin a abinci, ana ɗaukar ƙwansu ana auna kaurin ɓawon. Sai ga shi ɓawon ya yi sirirantar da ba ya jure kwanci. Sakamakon ya fito a 1969, aka haramta maganin a gonakin Amurka a 1972. Lucille Stickel, wadda ta fara bin sawun DDT tun 1946, ta zama shugabar cibiyar binciken Patuxent a 1973. Ita ma marubuciya Rachel Carson ta ɗebi hujja daga aikin mutanen nan a littafinta na 1962.

Sai farar gaurakar Amurka, wadda a 1941 yawanta a duk duniya bai kai 30 ba. A 1966 aka kawo wani namiji mai karyayyen fiffike da ake kira Canus, da shi aka soma kiwo. Masu renon 'yan tsakin kan lulluɓe da farin mayafi daga kai har ƙasa, ba magana, suna miƙa abinci da sanda mai siffar kan gauraka, don kada ɗan tsako ya ɗauki mutum a matsayin uwarsa. Daga 2001 har da ƙaramin jirgin sama aka riƙa jan irin waɗannan tsuntsaye daga Wisconsin zuwa Florida, ana koya musu hanyar ƙaura.

Maƙwabtan gandun kuwa manya ne: barikin soja na Fort Meade, cibiyar binciken noma ta Beltsville, da cibiyar Goddard ta hukumar NASA. A 1991 da 1992 sojoji suka miƙa eka 8,100 na filin atisayensu, gandun ya haura eka 12,800. Gaskiya ne akwai ragowar harsasai da ba su fashe ba a ƙasa, shi ya sa ake gargaɗin baƙo kada ya bar hanya. To amma ba don shingen sojan ba, da tuni dillalan filaye sun yanka dajin fuloti-fuloti.

An yi 'yan sauye-sauye. A 1996 sashen bincike ya koma ƙarƙashin hukumar USGS, a 2017 kuma ƙarancin kuɗi ya sa aka tsayar da kiwon gauraka, aka rarraba tsuntsayen ga wasu cibiyoyi. Sai dai a lokacin gaurakar ta riga ta kai ɗaruruwa a daji.

Masu riƙe da baitulmali a Washinton ya kamata su duba abin da ya rage kafin su sake taɓa kasafin wurin. A nan Chandler Robbins ya kafa ƙidayar tsuntsaye ta shekara-shekara a 1966, wadda har gobe masu sa kai ke fitowa da asuba su yi. A nan kuma ofishin zoben tsuntsaye yake. Idan mafarauci ya harbo agwagwa a Louisiana ya ga zobe a ƙafarta, nan yake aika lambar, kuma da irin waɗannan lambobi ake tsara dokokin farautar kowace shekara.