Dashen Na'urar Ji a Kunnen da Gashin Sankara ya Kurmantar: Nazari kan Masu Sankarar Bayan Hanci

Tsakure

Gashi shi ne ginshiƙin maganin sankarar bayan hanci, sai dai yakan shafi kunne har ya kai wasu ga kurumta. Wannan maƙala ta bi diddigin abin da likitocin kunne suka ruwaito game da dasa na'urar ji a katantanwar kunnen irin waɗannan majinyata. Nazarin ya nuna cewa jijiyar ji ta fi sauran sassan kunne jure gashi, don haka na'urar takan yi amfani. Inda wahalar take shi ne ƙashi da fata da kunnen tsakiya, sai kuma bibiyar sankarar bayan an yi dashen.

1.0 Gabatarwa

Sankarar bayan hanci ta fi yawa a kudancin Sin, musamman lardin Guangdong da Hong Kong, sai kudu maso gabashin Asiya da arewacin Afirka, kuma tana da alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Ƙarin yakan fito ne a lungun da wuƙar tiyata ba ta kai wa da sauƙi, shi ya sa aka dogara ga gashi, ana yawan haɗa shi da maganin sisfilatin. Katantanwar kunne kuwa tana maƙwabtaka da wannan lungu, dama da hagu. Yanzu da majinyata ke daɗewa a raye bayan magani, kurumtar da ke biyo baya ta zama abin dubawa. Tambayar wannan nazari ita ce: kunnen da ya sha gashi, zai karɓi dashe ya kuma amfana da shi?

2.0 Yadda Gashi ke Lalata Ji

Ana auna yawan gashi da ma'aunin da ake rubutawa Gy. Ƙarin bayan hanci kan buƙaci kimanin Gy 70, alhali jagorar QUANTEC ta 2010 ta ba da shawarar kada matsakaicin abin da zai isa katantanwa ya wuce Gy 45. Injinan zamani masu daidaita ƙarfin haske sun rage wannan ɓarna, amma in ƙarin ya cinna cikin gindin ƙoƙon kai, ba a iya kauce wa kunne gaba ɗaya.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko a kunnen tsakiya take: bututun da ya haɗa shi da bayan hanci yakan daina buɗewa, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, wani lokaci dodon ya huje, kunne ya riƙa zubar da mugunya. Ta biyu, wadda ba ta warkewa, a cikin katantanwa take. A nan akwai ƙwayoyi masu geza kimanin 15,000 da ke mayar da girgizar sauti saƙon lantarki, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Gashi yana kashe su, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, sisfilatin ya zo ya ƙara. Ƙwayoyin gindin katantanwa, masu kama siririn sauti, su ke fara tafiya. Saboda haka majinyaci kan fara rasa sautuka irin su s da sh da ts, ya ce yana jin murya amma ba ya gane magana. Abin kan ɗauki watanni ko shekaru kafin ya bayyana, ya yi ta ƙaruwa har na'urar ƙara ji ta maƙalawa ta daina amfani, balle ga mai zubar kunne wanda toshe ramin ke tsananta wa ciwo.

3.0 Na'urar da Hujjar Dasa Ta

André Djourno da Charles Eyriès ne suka fara tsokanar jijiyar ji da wayar da aka dasa, a birnin Paris a 1957. William House ya ci gaba da aikin a Amurka daga 1961, sannan Ingeborg da Erwin Hochmair a Viyana a 1977, da Graeme Clark a Melbon a 1978, suka samar da na'urori masu hanyoyi da yawa. Na'urar yau kashi biyu ce: na waje yana ɗaukar sauti ya sarrafa shi, na ciki yana ƙarƙashin fata a bayan kunne, maganaɗisu ke riƙe su tare. Daga na ciki wata siririyar waya mai ilektirod 12 zuwa 22 ke shiga katantanwa, ta tsallake matattun ƙwayoyi ta isar da saƙo ga jijiya kai tsaye.

Ke nan sai jijiyar na da rai dashen zai yi tasiri, kuma a kan wannan ne likitoci suka daɗe suna ɗari-ɗari. Binciken Wong-Kein Low da abokan aikinsa a Singafo ya nuna cewa hanyoyin ji na bayan katantanwa sukan ci gaba da aiki bayan gashi. Rahotannin dashe daga Singafo da Hong Kong sun zo daidai da haka: fahimtar magana ta ƙaru ƙwarai, a lokuta da dama ta yi kusa da ta waɗanda suka kurmance ta wasu dalilai. Wani abin da ke taimakon waɗannan majinyata shi ne da girmansu suka kurmance, ƙwaƙwalwarsu ta riga ta san harshe. Sai dai rahotannin na mutane kaɗan ne, kuma an zaɓo su ne bayan tantancewa. Wanda gashi ya taɓa masa sashen ƙwaƙwalwa mai fassara sauti, ko aka bar shi shekaru masu yawa cikin kurumta, sakamakonsa kan gaza na saura.

4.0 Matsalolin Tiyata da Bibiya

A kunne mai lafiya, likita kan fafe ƙashin bayan kunne ya bi ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita kaɗan, tsakanin jijiyar motsa fuska da jijiyar ɗanɗano, har ya hango tagar katantanwa. A kunnen da ya sha gashi, ƙashin kan yi laushi kamar itacen da gara ta ci, tabo ya rufe alamomin da likita ke bi, jijiyar fuska ta yiwu tana fili ba murfin ƙashi. Ramin katantanwa ma kan cike da tabo ko sabon ƙashi ya hana wayar shiga duka. Shi ya sa hoton CT da na MRI suka zama wajibi kafin aiki.

Mafi muni ita ce mutuwar ƙashi, wadda Ramsden da abokan aikinsa suka kasa gida biyu a 1975: mai tsayawa a ramin kunne da mai yaɗuwa. Dasa na'ura a wurin da ƙwayar cuta ta zauna yana iya buɗe ƙofar sanƙarau. Mafita ita ce a kankare ruɓaɓɓen ƙashin, a ɗinke ramin kunne, a cike gurbin da kitsen cikin majinyaci, sannan a yi dashe nan take ko bayan wasu watanni. Fatar da ta sha gashi ba ta saurin warkewa, don haka akan taƙaita yanka, a kuma nisanta na'urar daga bakinsa.

Sai batun bibiya. Sankarar bayan hanci tana iya dawowa, kuma MRI ne idon likita a kanta. Sabbin na'urori na shiga injin ba sai an cire maganaɗisu ba, amma har yanzu yakan jefa baƙar inuwa a hoton gefen da yake. Dole likitan kunne da na sankara su zauna tare su zaɓi kunnen da za a yi wa dashe da inda za a ajiye na'urar, kada garin neman gira a rasa ido.

5.0 Karin Sauti

Yawancin majinyatan Hong Kong da Kantonis suke magana, harshe mai karin sauti shida, kuma an san na'urar ba ta isar da tashi da faɗuwar murya yadda take isar da baƙi da wasali. Wannan ya shafi Hausa kai tsaye. Karin sauti ne kaɗai ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko kai na wakilin suna da kai na jiki. Gwajin da aka tsara da kalmomin Turanci ba zai kama wannan rauni ba, don haka auna Bahaushen da aka yi wa dashe na buƙatar jerin kalmomin Hausa masu irin wannan bambanci.

6.0 Kammalawa

Tarihin gashi shi kaɗai bai isa ya hana mutum dashe ba. Abin da ya kamata a duba shi ne lafiyar ƙashi da fata, halin katantanwa a hoto, da matsayin sankarar. Nazarin yana ba da shawarar a auna jin kowane majinyaci kafin a fara gashi, a ci gaba da aunawa shekara-shekara, a kuma tura shi ga likitan dashe da zarar na'urar maƙalawa ta gaza, tun tabo bai toshe katantanwar ba.