Sunayen da Ba Su Hau Bangon Littafi Ba

A tsakanin 1945 da 1947, wata budurwa 'yar Amurka mai suna Joye Hummel ta rubuta labarai da dama na jarumar zane, Wonder Woman. Sunan Charles Moulton ne ya fito a kansu, ita kuwa sai a 2018 aka karrama ta, tana da shekara casa'in da huɗu. Wannan labari ya sa na waiwayi gida.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, wanda mu mutanen Gwarzo da Kabo muke tinƙaho da shi. Babu mace ko ɗaya a cikinsu.

To amma a ina yaron Bahaushe yake fara jin jarumi ya kara da dodo ko aljani? A tsakar gida ne, bayan isha'i, a bakin kaka ko goggo. A nan yake koyon jan zaren labari, tun kafin ya riƙe alƙalami. Waɗannan mata su ne makarantar farko ta marubutanmu, sai dai tatsuniya ba ta da sa hannu, tarihi kuwa sunan da ke kan takarda yake riƙewa.

Ba wai mata ba su iya rubutu ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ƙofar boko da maɗaba'a ce ta daɗe a rufe gare su. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Ko da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka biyo baya, sai aka ƙi kallon ayyukansu da idon mutunci, aka kira su adabin kasuwa.

Su Hafsat dai sunayensu na kan bangon littafi. Tsofaffin ƙauyukanmu fa? Kowace ta rasu, da taskarta take tafiya. Wajibi ne ɗalibin adabi ya je ya naɗi muryoyinsu, ya kuma rubuta sunan kowace a saman tatsuniyarta.