Waiwaye: Wa Ya Rubuta? Tsohuwar Tambaya a Taskokin Sakkwato

Duk wanda ya taɓa kwance gafakar tsohon littafi a Sakkwato, ya ɗaga warƙa ɗaya ya haska ta a rana, mai yiwuwa ya ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun yankin Benis ne na ƙasar Italiya, irin su na gidan Galvani, kuma fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da takardar. A can Italiya, da irin wannan tambari masana ke kirdadon shekarun tsofaffin zanen waliyyansu, kafin su ce na Rafayel ne ko na wani almajirinsa. Mu tambayarmu ita ce: wannan rubutu na Shehu ne, ko jingina masa aka yi?

A zamanin jihadi abin bai da wuya sosai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sukan ambaci sunansu a farkon littafi, bayan bisimilla da salati. Mawaƙa kuma sukan ɓoye shekarar waƙa cikin haruffa a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Almajiri ya karanta a gaban malami, ya kwafa da hannunsa, ya karɓi ijaza.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, hannuwa suka yawaita. Ɗauki waƙar Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isan Kware ya yi mata tahamisi. Mutum uku ke nan a waƙa ɗaya, amma a bakin jama'a "waƙar Shehu" ce kawai. Ga kuma masu kwafa: wani ya manta sunan mawallafi, wani ya sa nasa a ƙarshe har a zaci shi ne mai littafin. Idan warƙar farko ta ɓace, sai a laƙaba wa littafin sunan da ya fi girma.

Bayan zuwan Turawa a 1903, sannu a hankali aka shiga tattarawa da tantancewa. Da Mervyn Hiskett ya buga Kitabul Farƙi a 1960, a kan take ya nuna cewa jingina wa Shehu littafin ake yi. Murray Last ya zauna da Waziri Junaidu, ya amfana da taskarsa kafin ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukan Nana Asma'u wuri ɗaya. Ma'aunin kowa ɗaya ne: takarda, salon hannu, ramzi, da ko wani ɗan zamanin ya ambaci littafin.

Yau rigimar ta koma waya. Ana yaɗa hoton wani dattijo mai rawani a Facebook, a ce Shehu ne, alhali ɗaukar hoto ba ta bayyana a duniya ba sai 1839, shekara 22 bayan rasuwarsa. Kafin ka tura wa wani magana ko hoto da sunan Shehu Mujaddadi, tambayi a wane littafi take, a hannun wa aka same ta. Ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu yana nan cikin garin Sakkwato, matambayi kuwa ba ya ɓata.