Jiminar Damagaram da Attajiran Oudtshoorn

Duk wanda ya tashi daga unguwar Nima ko Maamobi a Akra ya bi ta Tema ya miƙi hanyar Akosombo, bayan tafiyar kilomita kusan 50 zai tarar da duwatsun Shai. Gwaggon birai ne ke fara tarbar baƙo tun daga bakin titi. A ciki akwai kogunan da mutanen Shai suka yi zamansu har 1892, shekarar da Turawan Ingila suka kore su daga tsaunukan. Kogon Sayu, da aka ce mazaunin sarkinsu ne, yanzu jemagu ne suka gaje shi. Can gefe kuma ga jiminu cikin shinge, suna miƙo wuya suna kallon masu ɗaukarsu hoto.

Yaran zango kan ɗauki wannan tsuntsuwa baƙuwa ce. Alhali kuwa tana da babban gurbi a tarihin fataucin da ya haifi zangunan kansu.

A ƙarni na 19 manyan hanyoyi biyu ne suka fita daga kasuwar Kurmi ta Kano. Ɗaya ta nufi Gwanja, inda fatake ke kai kanwa da tufafi su ɗauko goro a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Wannan labari dattawan zango sun riƙe shi da kyau. Hanya ta biyu ce aka fi mantawa da ita: wadda ta yi arewa ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Raƙuman wannan hanya na ɗauke da hauren giwa da jemammun fatu da ɗaurin gashin jimina, wanda ake samowa musamman daga Damargu da Barno. Larabawan Gadamas mazauna Kano su ne ke saye, gashin kuwa sai ya ƙare a kan hulunan matan Landan da Paris.

Can a kudancin nahiyar, wani ƙaramin gari ya ɗora rayuwarsa kacokan a kan gashin nan. Sunansa Oudtshoorn, a busasshen yankin Karoo na Afirka ta Kudu. Manomansa sun fara kiwon jimina a shekarun 1860, kuma da Arthur Douglass ya ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwai a 1869 sai harka ta buɗe. Zuwa 1913 jiminun ƙasar sun haura 700,000, gashinsu ya zama na huɗu a kayan da take fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. Attajiran garin, ciki har da Yahudawan da suka yi ƙaura daga Lituweniya, suka gina tafka-tafkan gidajen dutse waɗanda har yau ake kira fadojin gashi.

Sai dai akwai abin da ke hana su barci. Amurkawa sun buɗe gonakin jimina a Kalifoniya da Arizona, sannan gashin da ya fi kowane cika da sheƙi a kasuwar Landan ba nasu ba ne, ta Tarabulus yake fitowa. A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta tura wani masanin noma, Russell Thornton, da abokan tafiyarsa, su gano asalin wannan jimina. Kano suka sauka. Suka yi ta duba ɗaurin gashin da ayari ke shigowa da shi, har bincike ya nuna musu yankin Damagaram, wanda ke hannun Faransa. Faransawa suka hana fitar da jimina mai rai daga ƙasar da suke mulka. Duk da haka Thornton ya tara kimanin 150, aka gangara da su Legas, kuma 140 suka isa Cape Town da rai a 1912.

Ba su ci ribar wahalarsu ba. A 1914 kasuwar ta rushe: yaƙin duniya ya ɓarke, yayi ya sauya, kuma hula mai dogon gashi ba ta zama a ka cikin buɗaɗɗiyar mota. A Kano ma jirgin ƙasa da ya iso a 1911 ya riga ya karya ayarin Sahara, gyaɗa ta karɓe kasuwa. A daidai waɗannan shekaru ne Malam Bako ke kafa Sabon Zongo a Akra, kafin Nima ta biyo baya a shekarun 1930.

Oudtshoorn ta farfaɗo da fata da nama da 'yan yawon buɗe ido. Baƙo kan fara da gona, inda za a miƙa masa ƙwai guda mai cin ƙwan kaza 24, a ce ya taka shi da ƙafa ya ga ba zai fashe ba. Daga nan sai kogunan Cango, kilomita kusan 30 arewa da garin, a gindin tsaunukan Swartberg. Dutsen farar ƙasa ne da ruwa ya daɗe yana ci, ya bar zauruka da ginshiƙan da ɗigon ruwa ya gina, wasu na saukowa daga rufi, wasu na tasowa daga ƙasa.

A ƙasar Hausa kuwa gashin bai bar fada ba. Ranar hawan salla ana ganinsa a figinin da ake yi wa Sarkin Kano fifita da shi, da kuma takalmansa na sarauta. Tsuntsuwar ce ta yi wuyar gani. Jimina mai jan wuya, irin wadda Thornton ya zo nema, ta ƙare a dazukan Nijar saboda farauta da kwasar ƙwai. 'Yan kaɗan da suka rage ana kiwonsu ne a killace a Kelle ta yankin Gure, da Iferwan, da Maine-Sorowa, da nufin a hayayyafa su a mayar da su daji.