Kiswa: Tarihin Rigar Ka'aba

Kiswa ita ce baƙar rigar alharini da ake lulluɓe Ɗakin Ka'aba da ita, wadda ake yi wa surfanin ayoyin Alƙur'ani da zaren azurfa da na ruwan zinare. Ba ta da gwani ɗaya da za a ce shi ya yi ta. Aikin gayya ne na masaƙa da marina da masu rubutu da maɗinka.

Asali

Tufatar da Ka'aba ya girmi zuwan Musulunci. An sa mata fari da ja da kore a zamuna daban-daban, kafin baƙi ya tabbata a ƙarshen daular Abbasiyya. Masar ce ta daɗe tana ɗinka ta. A 1817 Muhammad Ali Pasha ya kafa Darul Kiswa a unguwar Kharanfash ta Alƙahira, inda ake gamawa a ɗora wa raƙuma tare da ayarin alhazai. A 1927 Sarki Abdul'aziz ya buɗe masaƙa a Ajyad ta Makka. Masar ta daina aikowa a 1962, sannan aikin ya koma masana'antar Ummul Jud ta Makka a 1977.

Yadda ake ɗinkin

Kamar yadda malami kan zana aska takwas a kan babbar riga a Zariya kafin maɗinka su hau kai, haka mai rubutu ke fara shimfiɗa ayar da salon sulusi. Maɗinka su cika cikin haruffan da zaren auduga har su taso, sannan su rufe su da zaren zinare, allura bayan allura. Ɗamarar da ke kewaye da Ɗakin mita 47 ce, ƙyalle 16 aka haɗa. Da can ranar Arfa ake sauya rigar; tun 2022 sai ranar 1 ga Muharram.

A gidajen tarihi

Tsohuwar riga ba ta zama yasasshiya. Akan yayyanka ta a raba wa manyan baƙi da gidajen adana kayan tarihi. Fadar Topkapi ta Istanbul na ajiye da sassanta na zamanin Usmaniyya, kuma a 1983 Saudiyya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya labulen ƙofar Ka'aba. A 2012 British Museum na Landan ya nuna wasu sassa a baje kolinsa kan aikin Hajji. A 2025 aka baje cikakkiyar rigar a Jidda, karon farko a wajen Makka. Alhajin da cunkoson ɗawafi ya hana shi ɗaga kai, a nan ya samu damar tsayawa ya karanta ayar, ya ga sawun allurar.