Faɗuwar Gujiya da Sauyin Wasanni a Ƙasar Dogo-Dogo

Dogo-Dogo tana kudancin jahar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Tana cikin gundumar Magarya har shekara ta 2011, lokacin da aka mai da Dungas gunduma mai zaman kanta. Daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa wajen 1970 arzikin wannan yanki ya dogara ne ga gyaɗa, wadda mutanen wurin suka fi kira gujiya. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen ta, aka kuma gina masana'antar mai ta SEPANI a Magarya.

Kuɗin gujiya sau ɗaya suke shigowa a shekara, wato da kaka, a lokacin kuma ake kashe su. Da su ake aure, da su ake biki, da su ake sallamar makaɗan noma da maroƙa. Binciken Guy Nicolas a ƙasar Kance, maƙwabciyar Magarya, ya nuna yadda dukiya take zagayawa ta hanyar kyauta da ramuwar biki. Makaɗi yana cikin wannan zagaye: ya wasa manomi, manomi ya yi masa kari a bainar jama'a, kowa ya sami abin da yake nema. Shi ma yaƙi da jahilci da gujiya ya jingina, domin ƙungiyoyin manoma na UNCC suna bukatar waɗanda za su karanta sikeli, su rubuta awo.

Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan tsari. Manoma suka koma ga hatsi da wake, samari suka yawaita cin rani a Kano, inda kuɗin man fetur suke gudana. Abin lura a nan shi ne kiɗa bai mutu ba, ubangida kawai ya sake. Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da samariya, ya sa ta ƙarƙashin hukuma. Aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka yi bikin matasa na farko a Damagaram a 1976. Waƙar da a da take yabon mutum ɗaya da yawan dammansa ta koma kiran jama'a ga dashen itace da aikin gayya. An sami sababbin waƙoƙi da wasannin kwaikwayo masu yawa, amma wanda ya saurare su da kyau zai ji cewa habaici da zambo sun ragu. Mai waƙa a gaban alkalan gasa ba ya sakin baki.

Karaya ta biyu ta fi tsanani. Farashin yuraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, a watan Afrilu na 1984 kuma gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da farin 1984, har mutane suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari, kamar yadda kakanninsu suka kira ta 1914 Kakalaba. Sai dai Kakalaba tana siffanta halin da aka shiga ne, ita kuwa wannan sunan mai mulki aka ba ta, alamar cewa talaka ya daina ganin yunwa a matsayin aikin sama kaɗai.

A wannan zamani ne kaset ya sami gindin zama. Mai biki da ba shi da halin ɗauko makaɗa yana iya aron rakoda, ya saka Mamman Shata ko Haruna Uji na Haɗeja. Wa'azin da ke sukar almubazzaranci a bukukuwa shi ma ta kaset ya bazu, kuma ya sami kunnuwa a wurin waɗanda ramuwar biki ta fi ƙarfinsu.

Can Kano ma matsin ne ya haifi sabon abu. Bayan karyewar naira a 1986 manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta matasa suka shiga buga littattafan soyayya da kuɗinsu. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya. Kayan nan masu araha ne, sun kuma bi hanyar Maigatari da Ɓaɓura tare da sauran hajja.

Nan ne batun ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Darasin da aka gina a kan awon gujiya ya rasa dalilinsa tun da gujiyar ta tafi, alhali kuwa sha'awar karatu ta dawo ta ƙofar da ba a tanada ba. Matashin da ya saba da littattafan Kano ya saba da ƙa'idar rubutun Najeriya da kalmominta na aro daga Ingilishi. Idan ya buɗe littafin da aka buga a Yamai, zai tarar da ƴ a inda ya saba ganin 'y, da lakwal a inda ya saba ganin makaranta.